Babi na Bakwai: Lafiyata Ƙalau, Me Zai Kai Ni Gwaji?

Duk inda aka tayar da zancen ciwon dajin furostat a gaban dattawa, ko a fadar shayi ne a Tasawa ko a inuwar dogon yaro a Mayahi, tambaya biyu ce ke fitowa. Mai sauran ƙarfi ya ce, "Ni da nake noma gonata da hannuna, ba na jin ciwon komai, me zai kai ni gwaji?" Wanda shekaru suka fara taɓawa kuma ya sassauta murya ya ce, "To, mutumin da ke tashi fitsari sau huɗu sau biyar kafin asuba, tsufa ne ko cuta?" Amsar waɗannan tambayoyi ba ɗaya ba ce, kuma yawancin ruɗanin da ake samu a wajen wayar da kai daga cakuɗa su yake tasowa.

Inda abin yake

Furostat wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita. A jikin saurayi girmanta bai wuce ɗan goro ba. Tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, gaba da dubura, kuma bututun da fitsari ke bi ya fita ta tsakiyarta ya ratsa. Aikinta samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Ita daban, mafitsara daban, ko da yake maƙwabtaka ta sa ciwon ɗaya kan bayyana a jikin ɗayar.

Idan namiji ya haura shekara 50, tsokar nan takan fara ƙara girma. Wajen rabin mazan da suka kai 60 suna da wannan kumburi, a cikin 'yan 80 kuwa mafi yawansu. In ta kumbura sai ta matse bututun. Daga nan fitsari ya riƙa fita siriri, mutum ya daɗe a tsugune yana yunƙuri, ya tashi yana jin da saura, ya gama tsarki ɗigo ya biyo baya ya ɓata masa wando. Wannan kumburin tsufa ne, ba daji ba ne, ba kuma ya rikiɗewa ya zama daji. Yana da magani na ƙwaya, in ya ƙi a yi aiki.

Dajin kuwa halinsa daban. Yakan fara ne daga gefen tsokar, can nesa da bututun, shi ya sa zai iya shekaru yana nan mutum yana fitsarinsa lafiya lau. Lokacin da zai sanar da kansa, sau da yawa ya riga ya fita daga mazauninsa ya kama ƙashi: ciwon baya da na ƙugu wanda ba ya jin magani, ya fi tsananta da dare, rama, ƙarancin jini, wani lokaci ƙafafu su mutu. Wahalar fitsari ke nan ba ta tabbatar da daji, rashinta kuma ba ya wanke mutum. Iyakar abin da za a ce, kumburin da dajin duk 'yan shekaru ɗaya suke kamawa, kuma suna iya haɗuwa a jikin mutum guda.

Akwai wani abin da ke ƙara rikita mu a nan Nijar. Wanda ya tashi yana wanka a tafki ya san tsargiya tun yana yaro, don haka jini a fitsari bai cika ba shi tsoro ba. Amma jini a fitsarin dattijo ba na sakewa ba ne. Tsargiyar da ta daɗe ita kanta tana haddasa dajin mafitsara.

Wa ya fi shiga haɗari?

Abu uku ne likitoci suka tabbatar, kuma duk ukun ba mutum ke zaɓa wa kansa ba. Na farko shekaru: kafin 40 abin da wuya, bayan 50 sai ya riƙa hawa. Na biyu jini: wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi ciwon, haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran mutane, kuma dangin da dajin nono ya yawaita a matansu, mazansu ma su sa ido. Na uku asali. A Ingila lissafi ya nuna cikin maza baƙar fata 4, ɗaya zai gamu da ciwon a rayuwarsa, alhali a sauran jama'a 1 ne cikin 8. A Amurka baƙar fata sun ninka farare wajen mutuwa da shi. Kakannin yawancin waɗannan mutane daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, wato maganar ta shafe mu kai tsaye.

A 2020 an samu sababbin masu ciwon kusan miliyan 1.4 a duniya, mutum 375,000 suka rasu. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya yi hasashe a 2024 cewa nan da 2040 adadin zai kai miliyan 2.9 a shekara, kuma ƙasashe marasa ƙarfi ne za su fi jin nauyin ƙarin, saboda mutanensu sun fara samun tsawon rai. A Nijar an buɗe rajistar masu ciwon daji a Yamai tun 1992, sai dai rajista wanda ya isa asibiti aka gwada shi take rubutawa. Tsohon da ya kwanta da ciwon baya a wani ƙauye na Urafan ko Kanambakashe, aka ce sanyi ne ko jifa, har rai ya yi halinsa, ba ya cikin lissafin kowa. Gundumomin Tasawa da Mayahi kowacce ta haura mutum rabin miliyan tun ƙidayar 2012, don haka irin wannan tsoho ba ɗaya ba ne ba biyu ba.

Ciwon ba a ɗaukarsa daga mace, ba a shafa wa mace, ba ya bin kwanon abinci ko buta. Wannan ya kamata a riƙa faɗa da babbar murya, domin tsoron a ce "ciwon sanyi ne ya kwaso" yana cikin abin da ke rufe bakin dattawa.

Abin da gwajin ke iya faɗa

Gwaji biyu ne a matakin farko. Ɗaya na jini, sunansa PSA. Furostat tana fitar da wani sinadari da ɗan kaɗan daga cikinsa ke shiga jini, shi ake aunawa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1986 don bin sawun masu ciwon, sannan a 1994 don neman ciwon a jikin waɗanda ba su da alama. Likitoci da yawa sukan ɗauki lamba 4 a matsayin iyaka. Ɗayan gwajin na yatsa ne: likita ya sa safar hannu ya taɓa tsokar ta dubura, ya ji ko akwai tauri ko ƙulli. Bai kai minti guda ba. Shi ne kuma wanda maza suka fi gudu, har wani ya fasa zuwa asibitin gaba ɗaya saboda shi, alhali yana da damar ya ce a fara da na jini.

Matsalar PSA ita ce ba daji kaɗai ke ɗaga shi ba. Kumburin tsufa yana ɗaga shi, ƙwayar cuta a fitsari tana ɗaga shi, robar fitsari ma haka, har kwanciyar iyali cikin kwana biyu kafin a ɗebi jinin. Cikin maza 4 da lambarsu ta hau, wajen 3 in an bincika ba a samun daji. A gefe guda kuma, wajen 15 cikin 100 na masu lamba ƙasa da 4 suna ɗauke da shi. Wanda ke shan maganin kumburi mai suna finasteride ya gaya wa likita, don maganin yana rage lambar da kusan rabi. Abin da ke tabbatar da daji shi ne a tsinko ɗan nama daga tsokar da allura, a duba shi a ɗakin bincike. Wannan kuwa ba aikin ƙaramin asibiti ba ne, kuma yana iya jawo zubar jini ko zazzaɓi.

Ko an tabbatar, da sauran magana. Manomi ya san akwai gero mai saurin nuna, akwai maiwa mai jinkiri, akwai ma shukar da damina ke ƙarewa ba ta fitar da kai ba, kuma tun suna tsiro ba kowa ke iya bambanta su ba. Dajin furostat haka yake. Wani cikin 'yan shekaru ya gama jiki. Wani yana tafiya a hankali har mai shi ya tsufa ya rasu da wani dalilin daban, bai taɓa sanin yana da shi ba. Nelson Mandela an yi masa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a 2001 yana da shekara 83, ya rayu har 2013. Desmond Tutu an gano nasa a 1997, ya kai 2021. Amma wannan ciwon ne ya kashe Houphouët-Boigny na Kodebuwa a 1993, da François Mitterrand na Faransa a 1996, da Mobutu a 1997, kuma babu wanda zai ce kuɗin magani suka rasa. Masu duba naman suna ba shi maki, ma'aunin da wani likita Ba'amurke, Donald Gleason, ya tsara a shekarun 1960. Maki 6 mai sanyin tafiya ne, 9 da 10 masu gaggawa.

Me ya sa Turawa ke gardama?

Mai sauraron rediyo zai yi mamakin jin cewa a ƙasashen da suke da kowace irin na'ura, likitoci ba su haɗu a kan a gwada kowane namiji ba. Dalilin yana cikin lissafi. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Turai ya bi maza fiye da 160,000 masu shekara 55 zuwa 69, wasu ana kiransu gwaji a kai a kai, wasu ba a kira. Bayan shekara 16 aka ga gwajin ya rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi 20 cikin 100. Amma kafin a ceci rai guda sai an gayyaci maza 570, an kuma ce wa 18 "kana da daji". Sauran 17 ɗin fa? Da yawansu an yi musu aiki ko gashi a kan ciwon da ba zai taɓa kashe su ba, kuma aikin yana da nasa tabon: yoyon fitsari, da raunin mazakuta wanda wani ba ya warkewa.

Wani binciken a Ingila ya ɗauki maza 1,643 da aka gano ciwonsu bai fita daga tsokar ba, aka raba su uku: aiki, gashi, da sa ido kawai. Sakamakon da aka fitar a 2023, bayan shekara 15, ya nuna kusan 97 cikin 100 ciwon bai kashe su ba, ko wace hanya suka bi. Saboda irin waɗannan alƙaluma kwamitin ba da shawara na Amurka ya ce a 2012 a daina gwajin gama-gari, sannan a 2018 ya sassauta ya ce mai shekara 55 zuwa 69 ya zauna da likitansa ya zaɓa, wanda ya kai 70 kuma a bar shi. Ƙungiyar yaƙi da daji ta ƙasar ta ce baƙar fata da masu ciwon a dangi su fara wannan tattaunawa tun suna 45.

A ganina kuskure ne a ɗauko wannan gardama a dasa ta a garin Korgom ko na Sarkin Hausa yadda take. Damuwarsu ita ce suna gano ciwon da wuri fiye da kima. Tamu ita ce mutum ba ya isa asibiti sai fitsari ya tsaya cik an ɗauko shi a amalanke, ko ƙafafu sun daina ɗaukarsa. Likitocin fitsari a Afirka ta Yamma sun daɗe suna rubuta abu ɗaya: mafi yawan waɗanda suke gani ciwon ya riga ya yi nisa. Sannan maza baƙar fata ƙalilan ne a cikin waɗancan bincike na Turai, don haka lambobin ba da mu aka auna su ba.

Kuskure ne kuma a ce tunda haka ne, a kafa rumfa a kasuwa a ɗebi jinin duk wanda ya wuce. Gangamin kwana guda da zai miƙa wa manomi takarda mai lamba 12, a ce masa "ka je Yamai", motar masu gangamin ta tashi, wannan bai yi masa magani ba, ya dai raba shi da barci.

Hanyar da ke bayan gwajin

Kafin mutum ya miƙa hannu a ɗebi jini, ya dace ya san inda hanyar ta nufa. Akasarin ƙananan asibitocin karkara, waɗanda ake kira CSI, ba su da na'urar PSA. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, zai saurare ka, ya duba fitsari, in fitsarin ya tsaya ya sa roba, sannan ya rubuta takarda zuwa asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi. Daga nan sai Maraɗi ko Damagaram, inda ake samun likitocin fitsari. Tasawa tana kusan tsakiyar hanya tsakanin biranen biyu, kowanne ya haura kilomita 100. Gashi kuwa sai Yamai, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, wadda ta samu na'urar gashi ta farko a ƙasar a 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Daga Tasawa tafiyar ta haura kilomita 700, kuma gashi ba na yini ɗaya ba ne, makonni ake yi, ga masauki, ga abinci, ga mai jinya.

Tun 2006 gwamnati ta yafe kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5, a 2007 ta ƙara da dajin mata. Dajin maza bai shiga ba. A 2024 an rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati da rabi, wanda sauƙi ne, amma kuɗin mota da na zaman birni yana nan. A gidan manomi wannan na nufin sayar da rago ko buɗe rumbu kafin lokaci, ko a buga waya ga ɗan da ke ci-rani a Kano ko Libiya. Shi ya sa shawarar gwaji a nan ba ta mutum ɗaya ba ce ko da jikinsa ne. Gara a yi ta da manyan 'ya'ya tun kafin sakamako ya fito.

Kada kuma a ɗauka wanda ciwonsa ya kai ƙashi shi ke nan. A 1941 wani likita a Chicago, Charles Huggins, ya gano cewa dajin nan da sinadarin mazakuta yake rayuwa, in an yanke masa shi sai ya lafa. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1966. Har yau ita ce babbar hanya: ko allura duk wata ko duk wata uku, mai tsada, ko ƙaramin aiki sau ɗaya da ake cire tsokar 'ya'yan maraina, wanda ba ya buƙatar zuwa Yamai. Ba ya warkarwa, amma yakan kwantar da ciwon ƙashi, mutum ya tashi ya koma masallaci da kasuwa, wani shekara biyu, wani fiye. Magana ce mai nauyi ga namiji, musamman mai mata fiye da ɗaya, kuma likitan da ya faɗe ta a tsaye cikin gaggawa bai kyauta ba.

Wa zai kai maganar?

Kunya ce babban shinge. Dattijo ba zai bayyana wa yarinya sa'ar jikarsa yadda fitsarinsa ke fita ba, ko da tana sanye da farar riga. Ɗa ba zai tambayi uba ba. Matar da ke jin motsinsa duk dare, ita ta fi kowa sani, amma da wane baki? Sai a bar filin ga mai lasifika a kasuwa, wanda jarka ɗaya tasa ke maganin basir da sanyi da ƙarfin maza, shi kuwa ba ya kunyar ambaton komai.

A Amurka masu aikin lafiya sun gane cewa baƙar fata sun fi sakin jiki a shagon aski fiye da asibiti, suka kai wayar da kai can. A Los Angeles wani gwaji da aka wallafa a 2018 ya nuna hawan jinin masu zuwa aski ya sauka sosai da aka haɗa masu askin da masana magani. Mu ba sai mun ara ba. Wanzami ya fi kowa sanin sirrin jikin maza a gari, shi ya yi wa rabinsu kaciya. Akwai liman, wanda shi ake kai wa tambayar ɗigon fitsari da karyewar alwala. Fiƙihun Malikiyya ya yi wa mai yoyon fitsari rangwame, limamin zai faɗi hukuncin, kuma ba abin da zai rage shi in ya ƙara da "Alhaji, ku daure ku je a duba ku." Akwai makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram tun kafin 2010 da tallafin UNFPA, wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, suka bazu har Maraɗi, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwar matansu. Mazan da suka saba zancen mahaifa a bainar jama'a, zancen nasu jikin ba zai gagare su ba. Ga rediyon karkara, ga masu kai saƙon lafiya gida-gida, sai dai a wannan batu a tura namiji mai furfura.

Saƙon da za su kai ba ya da tsawo. Wanda fitsari ke ba shi wahala, ko ya ga jini, ko ciwon baya ya ƙi tafiya yana ramewa, wannan ba zaɓi gare shi ba, asibiti ya kama. Fitsarin da ya tsaya gaba ɗaya da ƙafafun da suka fara mutuwa ba a kwana da su. Wanda ba ya jin komai amma ya kai 45 zuwa 50, musamman in uba ko wa ya yi ciwon, shi ne mai zaɓi, kuma a gaya masa amfanin da illar duka biyu. Tsohon da ya haura 70, ko wanda wata cutar ta riga ta raunana, in ba ya da alama, neman dajin a jikinsa ba zai ƙara masa kwana ba.

Ɗauki misalin manomi ɗan shekara 52 wanda mahaifinsa ya rasu da robar fitsari a jiki. Majo nagari ba zai ce masa "dole" ba. Zai ce, "Malam, in muka auna lambar ta hau, za mu sake aunawa bayan wasu makonni. In ta tsaya a sama, Maraɗi za ku. Kuna da halin zuwa bayan girbi?" In ya ce yana da hali, a ɗebi jinin. In ya ce sai ya yi shawara da 'ya'yansa, a sa masa rana, a rubuta sunansa a littafi don kada ya ɓace.

Wanda ya je, aka tsinki naman, aka dawo masa da takarda mai maki 6 ko 7 ko 9, sabuwar tambaya ce a gabansa: aiki, gashi, allura, ko a zuba ido? Babi na gaba zai bi waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowacce ke ci a aljihu da a jiki, da yadda iyali ke jinyar mai robar fitsari a gidan da ba famfo.